An ci kuɗin mutane da fuskata

Sana'ata turaren wuta da humra. Wurin kakata ta wajen uwa na gaje ta, kuma tun ina budurwa a gidanmu na cikin birnin Katsina, kusa da Ƙofar Marusa, na iya jiƙa hawi da gajiji, na san lokacin da ake sauke sukari kafin ya ƙone. Da na yi aure na ci gaba da yi a ɗakina, ina kai kwalabe shagon wani ɗan'uwan maigidana a babbar kasuwa yana sayar mini. Gobarar da aka yi a kasuwar cikin watan Maris 2021 ta cinye shagon da duk abin da ke ciki. Bayan nan ne ƙanena, wanda ke gyaran waya, ya buɗe mini shafi a Facebook, ya ce yanzu kasuwa ta koma cikin waya. Shi ya ba ni shawarar in sa hotona da lambata da kwatancen unguwarmu, don mutane sun fi sakin jiki da wadda suke ganin fuskarta. Malam, maigidana, ya ɗan yi jim kafin ya amince. Na zaɓi hoton da aka ɗauke ni ranar bikin ƙanwata, da shuɗin mayafi, hannuna da lalle.

Allah ya sa albarka. Cikin shekara biyu ina aika kaya Daura, Funtuwa, Malumfashi, har Maraɗi ta hannun direbobin tasha.

Ranar Litinin 20 ga Maris 2023, saura kwana uku a ɗauki azumi, ina tsakar gida ina tankaɗen garin kunu, wayata ta fara ƙara. Wata mace ce, ko sallama ba ta yi ba. Ta ce, "Ke macuciya, ina kayan abincinmu?" Na ce baiwar Allah kin yi ɓatan lamba. Ta kira cikakken sunana, ta kira sunan sana'ata, ta ce Allah ya isa tsakaninta da ni duniya da lahira, ta kashe. Ban ajiye wayar ba wani kiran ya shigo. Kafin la'asar na ƙirga kira sama da saba'in, sannan na daina ƙirgawa.

Sai da ƙanena ya zo da magariba na fahimci abin da ke faruwa. Ya zauna bakin ƙofar ɗakina, ya miƙo mini wayarsa ba tare da ya kalle ni ba. Hotona ne na bikin ƙanwata, an zana jan da'ira a kan fuskata. A ƙasa an rubuta cewa wannan matar ta Katsina ta tara kuɗin adashen kayan azumi na mata sama da ɗari ta gudu, don girman Allah duk wanda ya gani ya yaɗa. Ga lambar wayata, ga sunan unguwarmu.

Abin da ya faru shi ne, tun watan Disamba wani, ko wata, ya buɗe shafi da sunana da hotona, ya ƙara harafi ɗaya kacal a sunan sana'ar. Ya kwashe hotunan kwalabena ya zuba don a ga kamar tsohuwar 'yar kasuwa ce. Daga nan ya fara tallar adashe: ki zuba dubu uku ko biyar duk mako, ana gobe azumi a kawo miki shinkafa da sukari da man gyaɗa da gero har gida. Wanda ya tuna yadda farkon 2023 ya kasance zai gane abin da ya sa mata suka faɗa. Lokacin canjin kuɗi ne. An fito da sababbin takardun naira tun Disamba 2022 amma babu su a hannun mutane, tsofaffin kuma ana ta gudun karɓarsu, sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa a ci gaba da amfani da su. Masu POS na cire kaso mai tsoka kafin su ba ka kuɗinka. Matan da ba su taɓa yin tiransifa ba duk suka koya a watannin nan, har mai ƙosai da mai kayan miya. Ga kuɗi a waya ba ya ciruwa, ga wata na cewa turo mini in mayar miki da shi abinci. Ranar Lahadi, washegarin zaɓen gwamna, aka goge shafin, aka kashe layin. Da matan suka nemi sunan, shafi ɗaya ya rage da wannan fuska, shi ne nawa, da lamba mai shiga.

Ban taɓa sanin zagi yana da nauyi a jiki ba sai a makon nan. Na yau da kullum ma da sauƙi: ɓarauniya, azzaluma, mai cin haƙƙin marayu. Amma maza da ko sisinsu ba a ci ba suka shigo, suka koma kan hoton kansa. Wani ya ce kalli idonta, ai ka san 'yar bariki ce. Wani ya ce ba da turare take samun kuɗi ba. Akwai wanda ya turo mini saƙon murya da tsakar dare yana kwatanta layinmu daidai, har da bishiyar dalbejiyar da ke ƙofar gida, ya ce su za su yi maganina tunda hukuma ba za ta yi ba. A daren nan Malam ya kwana zaune a zaure da tabarya a gefensa.

Malam ɗin ma, a daren farko, bayan ya gama karanta rubutun, ya ɗago ya ce, "Ki faɗa mini tsakaninki da Allah, akwai wani adashe da kika shiga ban sani ba?" Shekara goma sha ɗaya muna tare. Na san tambayar mai hankali ce, dole ya yi ta kafin ya fita ya tsaya mini a gaban mutane, kuma ya tsaya ɗin. Amma har yau in na tuna sai na ji wani abu ya tokare mini maƙoshi. Na ɗauko wayar na buɗe masa duk alat ɗin da ya shigo mini tun Disamba. Bai duba ba. Ya ce, "Ya isa, ki yi haƙuri."

Na yi kuskure a kwanakin farko, kuma ina faɗarsa don wata. Na shiga ƙarƙashin rubutun ina amsa wa kowa ɗaya bayan ɗaya, ina rantsuwa, ina kuka ina rubutu. Duk abin da na rubuta sai a ɗauke shi a sikirinshot a sake yaɗawa, wai ga ta nan ta fito tana borin kunya. Rantsuwata ta zama abin dariya. Ƙanena ne ya karɓe wayar da ƙarfi ya ce, "Yaya, duk amsar da kika ba su ƙara wa wutar ice kike. Ki bari mu tara hujja." Ya hana ni goge ko saƙo ɗaya, har na batsar. Ya ɗauki hoton kowanne da lamba da lokaci, ya tara su wuri guda.

Abin da ya fi zagin baƙi ciwo shi ne na gida. A guruf ɗin danginmu na WhatsApp, wata 'yar ƙanen babana ta tura hoton, ta rubuta, "Wai mi ke faruwa ne?" Tana da lambata. Gidanta da nawa ko kuɗin Keke Napep ba sai an biya ba. Wata wadda muka yi shekara shida muna zama tabarma ɗaya a Islamiyya ta sa shi a sitatus ɗinta da "Allah ka tsare mu da son zuciya". Daga baya da na tambaye ta, ta ce ita ba ta ce na yi ba, turo mata aka yi ta tura. Kowa haka ya ce. A cikin na gida ban samu mutum ɗaya da ya ce shi ya shafa mini kashin kajin nan ba, kowa miƙa masa aka yi ya miƙa gaba, yana ganin lada yake nema.

Ranar uku ga azumi ɗiyata ta fari, tana da shekara tara a lokacin, ta dawo daga makarantar allo ba ta shiga ɗaki ba. Na same ta bayan randa ta haɗa kai da gwiwa. Da ƙyar ta ce yara sun ce kada kowa ya ajiye takalminsa kusa da nata. Na ɗauke ta na ɗora a cinya kamar jaririya, muka yi ta kuka har aka kira sallah, kunun buɗe-baki ya kama a tukunya.

Hajiya, mahaifiyar Malam, ita ta ce a daina magana da waya a koma maganar mutane. Ta sa lulluɓinta ta taka har gidan mai unguwa, abin da ban taɓa ganin ta yi ba. Mai unguwa ya ce duk wadda ta kira tana da'awar an ci kuɗinta, a ce mata ta zo zaurensa ranar Asabar da rasit ɗinta, za a zauna. Mata tara suka zo. A cikinsu akwai wata dattijuwa da ta taso tun daga Daura, tafiyar wajen kilomita 80, da azumi a bakinta, ɗanta matashi na riƙe da jakarta. Mijinta ya rasu, awara take soyawa a ƙofar gida, ba nisa da rijiyar Kusugu. Naira 42,000 ta zuba, a mako goma sha huɗu.

Da na shigo zauren ta dube ni tun daga sama har ƙasa ta ce, "Ita ce. Wallahi ita ce." Gwiwoyina suka saki, na zauna a ƙasa.

Ƙanena ya roƙi a ba shi wayoyin ɗaya bayan ɗaya. Ya buɗe rasit na farko ya karanta sunan mai asusun da ƙarfi. Sunan namiji ne. Na biyu, sunan nan dai. Duk tara ɗin suna ɗaya, a irin bankunan wayar nan da lambar asusu take zama lambar layin mutum in an cire sifilin farko. Mai unguwa ya tambaye su, ba ku lura ba sunan mace ba ne? Suka ce ta faɗa musu asusun maigidanta ne, nata yana da matsala. Aka sa Malam ya fito da katin ɗan ƙasa, suna bai yi ko kusa ba. Wata ta ce ai ana iya amfani da na wani. Gaskiyarta, kuma nan maganar ta so ta cije.

Ɗan dattijuwar nan ne ya ce akwai saƙonnin murya. Ya kunna ɗaya, zauren ya yi tsit. Murya ce siririya, mai sauri, tana cewa, "Me kike jira ne Hajiya? Ki tura masa yau, gobe farashi zai tashi." Hajiya surukata ta yi caraf ta ce, "Ku sake kunnawa." Aka sake. Ta ce, "Yarinyar nan shekara goma sha ɗaya tana gidana, ban taɓa jin ta ce 'me' ba. Mi muke cewa. Kuma mu mashi muke cewa." Mai unguwa ya ce in maimaita maganar. Na maimaita da muryata mai kauri, wadda kuka ya ƙara dusar da ita. Ba ina cewa ga garin da matar take ba, wanda ya iya satar fuska zai iya aron harshe. Amma kowa a zauren ya ji ba mutum ɗaya ba ne.

Dattijuwar ta daɗe tana kallon tabarma. Can ta ce, "Na yi miki Allah ya isa a sujada, dare bakwai." Ta matso ta kama hannuna da hannayenta biyu, duk tabon mai a jiki. "Ɗiyata, ki yafe mini. Kuɗin abincin marayu ne, shi ya rufe mini ido." Na ce Inna na yafe. Ban ji wahalar yafe mata ba ko kaɗan, ita an cuce ta kamar yadda aka cuce ni. Waɗanda ba su yi asarar ko ƙwandala ba suka mayar da ni abin nishaɗin dare, su ne har yau nake fama da zuciyata a kansu.

Daga nan muka bi hanyar hukuma. Muka shigar da ƙorafi ofishin 'yan sanda na yankinmu, ni da uku daga cikin matan, na kuma yi takardar rantsuwa a kotu cewa shafin ba nawa ba ne. Wani lauya abokin Malam ya yi mana bayanin dokar laifukan intanet ta 2015: sashe na 22 ya yi magana kan satar sunan wani da yin sojan gona da shi, sashe na 24 kuma kan barazana da tsangwama ta waya ko kwamfuta. Wannan sashe na 24 an yi masa gyara a 2024. Ya ce wanda ya kwatanta gidanmu da dare ana iya kai shi gaban alƙali, tunda lambarsa da muryarsa suna hannunmu. Malamarmu ta Islamiyya kuma ta tuna mini cewa masu jifana da alfasha ƙazafi suka yi, wanda Allah ya yanke wa bulala 80 a Suratun Nur. Ta zauna da ni wani yammaci ta karanta mini labarin ƙagen da aka yi wa Nana A'isha, yadda ta shafe kusan wata guda cikin baƙin ciki kafin ayoyi su sauka su wanke ta. Na sha jin labarin tun ina yarinya, amma ranar ce na fara jin yadda ta ce ta yi kuka har ta zaci hantarta za ta tsage, na gane abin da ake nufi. A makon da ya biyo baya malama ta yi wa aji karatu kan aya ta 6 ta Suratul Hujurat, wadda ta ce in fasiƙi ya zo da labari a bincika. Mai sitatus ɗin nan tana sahun gaba. Ba ta ɗago kai ba.

Ban kai kowa kotu ba. Mai barazanar an kira shi, ashe yaro ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai a unguwar da ke bayanmu. Ubansa ya kawo shi har gida ya durƙusa. Malam ya ce ya wuce.

Akwai wani abu da ya faru bayan zaman zauren da nake so a ji. Matan sun haɗa guruf nasu, suka sa ni ciki. Da suka tabbatar ba ni ba ce, sai fushin ya koma kan sunan namijin da ke rasit. Wata ta bincika ta samo shafin wani mai irin sunan, da hotonsa riƙe da yaro, ta turo ta ce ga ɓarawon, mu yaɗa shi. Har ta zana masa jan da'irar. Da na gani sai jikina ya ɗauki rawa. Na kira ta na ce don Allah ki dakata, haka aka yi mini. Ta ce amma sunan ɗaya ne. Na ce nawa ma ɗaya ne, har da fuska. Na yi ta roƙonsu har ƙarfe ɗayan dare, Inna ta Daura ta goya mini baya, suka haƙura.

Bayan Sallah jami'in da ke riƙe da ƙorafinmu ya kira ƙanena. An bi diddigin sunan, aka tarar da wani tsoho manomi a ƙauye, ko wayar shafawa bai taɓa riƙewa ba. Wasu samari sun taɓa zuwa garinsu suka ce rajistar tallafi ake yi, suka karɓi lambar NIN ɗinsa, suka ɗauki hotonsa. Da bayanan nan aka yi rajistar layi, aka buɗe asusun. Tun Disamba 2020 aka wajabta haɗa layi da NIN don a riƙa gane mai shi, su kuma sai suka koma satar NIN ɗin talakawa. Shi kuwa mutumin da aka so a yaɗa hotonsa riƙe da yaro, babu abin da ya haɗa shi da maganar sai suna. Kuɗin matan har yau ba su dawo ba.

Inna ta yi saƙon murya na minti biyu tana wanke ni, ta faɗi yadda ta zo Katsina da abin da kunnenta ya ji. Mai unguwa ya ba da takarda. Muka haɗa da takardar kotu muka sa a shafina, muka roƙi waɗanda suka yaɗa na farko su yaɗa wannan. Wadda ta fara rubutun ta goge nata ta ba da haƙuri, Allah ya saka mata. Amma magana zarar bunu ce. Rubutun zargin mutum dubbai suka tura shi, na wankewar da ƙyar ya kai arba'in. Wasu da na tura wa kai tsaye suka karanta suka yi shiru. Na rasa fiye da rabin masu sayen kayana. Wata amarya ta soke odar humra ta kayan lefe, uwarta ta ce ko ba ita ta yi ba, ba a so a fara zaman aure da ƙamshin mai baƙin jini.

Wata huɗu ban taɓa kaskon turare ba. Ban je biki ba, ban je suna ba, ko asibiti zan je sai na sa niƙabi, ni da ban saba ba. In waya ta yi ƙara gabana sai ya faɗi. Hajiya ce ta sayo hawi da kuɗinta ta ajiye mini a ƙofar ɗaki, ta ce ta gaji da jin gidan ba ƙamshi. Na canza layi, na cire hotona da na yara daga ko'ina, na daina rubuta unguwa. Yanzu duk mai sayen kaya sai na ce ta duba sunan da ke asusun kafin ta tura, in ba nawa ba ne kada ta tura ko da ta ji muryata. Inna ce ke karɓar mini kaya a tashar Daura tana raba wa masu oda, ina ba ta nata a kan kowace kwalba.

Hoton bai mutu ba. Duk shekara in azumi ya matso sai wani ya tono shi ya sake sakawa, da rubutun nan na 2023, ko harafi ba a canza ba. Bara ɗiyata ce ta fara gani a wayar ƙawarta. Ta shigo da hijabin makaranta ta tsaya a kaina ina tace humra, ta ce, "Umma, sun sake." Na ajiye mazurarin, na goge hannu. Ta ce in ba ta wayata, ta san inda takardar kotun da muryar Inna suke, ita za ta tura wa uwar ƙawar tata. Na miƙa mata.